Neman kalma: fatar dabbar daji da aka jeme da gashinta

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe 9 na safe zan miƙa fassarar wani shirin rediyo, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: "pelt". Shirin yana magana ne kan mutumin da ya tsinci yanyawa mota ta buge ta, yana so ya feɗe ta ya adana fatar da gashinta. In na ce jemammiyar fata, mai sauraro zai hango fata sumul ba gashi, alhali gashin ake nema. A taimaka.

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Buzu mana, ƙanena. Ko agalemi.

Mai Fassara: Na gwada, Yaya, kunnena bai karɓi "buzun yanyawa" ba. Da an ce buzu, rago ake gani.

Ɗan Majemi: Ku yi haƙuri in sa baki. Ba jima ce ke cire gashi ba. Kafin jima ake tsoma fata a ruwan toka har gashin ya saki, a kankare. Mai son gashi sai ya tsallake wannan, ya kankare nama da kitse daga ciki, ya baje gishiri har gefe-gefe, washegari ya kakkaɓe ya sake sabo. Amma da mushe, lokaci ne komai. Na taɓa samun dila, na bar shi ya kwana cikin zafi. Da safe na kama gashin cikinsa na ja, sai ga shi cike da tafin hannuna, fatar ta yi tsanwa-tsanwa. Har yau abin yana cina. Kuma don Allah kar ka cire maganar sa safar hannu daga shirin, dabbar da ba ka san abin da ya kashe ta ba tana iya ɗauke da ciwon haukan kare.

Mai Kishin Harshe: Kalma ake nema, ba koyon sana'a ba. Na ba ku: bar-gashi. Jimar bar-gashi, fatar bar-gashi. Ginin hana-salla ne da dafa-duka, aikatau da suna. Wa zai ce ba Hausa ba ce?

Malamar Hausa: Ginin daidai ne, Malam, ban musa ba. Sai dai a rediyo ba a ganin karan ɗori. Mai sauraro zai ji "bargashi" sau ɗaya, kafin ya warware ta jimla ta wuce.

Mai Kishin Harshe: Kullum haka ne. Bature ya ƙirƙiri kalma, mu haddace ba tambaya. Namu ya ƙirƙira, a ce kunne bai saba ba. To yaushe zai saba in ba a faɗa ba?

Ɗan Majemi: Allah gafarta Malam, mu da hannunmu ke cikin bagaruwa fata mai gashi muke cewa, kuma ba a taɓa kawo mana wata fatar daban ba. A riƙa tambayar masu sana'a kafin a raɗa wa kayansu suna.

Mai Kishin Harshe: Wannan bayani ne, ba suna ba.

Malamar Hausa: Jirgin sama ma haka ya fara.

Mai Fassara: Malamai, dare na yi. Saura ɗaya: a shirin da alam da gishiri aka gyara fatar. Shi ma jima zan kira shi?

Ɗan Majemi: Ka ce jimar alam, amma ka ƙara da cewa ba ta son ruwa, in ta jiƙa alam ɗin na fita ta koma ta ƙandare. Bagaruwa ta fi riƙo, sai dai tana rina fata, tana kuma taɓa launin gashi mai haske.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Zan sa "jemammiyar fata mai gashi" a farko, daga nan "fatar yanyawa" kawai. Bar-gashi zan ambace ta sau ɗaya, in edita ya yarda.

Mai Kishin Harshe: Sau ɗaya ba ya raya kalma. Amma ka sa, kuma ka ɗan tsaya tsakanin bar da gashi in kana karantawa.