Wa ke biyan kuɗin wasan kwaikwayo a Atina ta dā, hukuma ko attajirai?

Ɗalibar Samaru: Assalamu alaikum malamai. A darasin tarihin wasan kwaikwayo an ce jami'an hukuma ne ke shirya wasanni a Atina ta ƙasar Girka, wani wuri kuma an ce masu kuɗi ne ke biya. Wanne ne daidai? Wa kuma ke faɗin wanda ya ci gasa?

Malam na Tudun Wada: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Duka biyun daidai ne, raba aikin aka yi. A babban bikin Diyonisiya, wajen ƙarshen Maris, jami'in da ake kira arkon, mai wa'adin shekara guda tak, shi ke zaɓen marubuta uku na wasan ban tausayi, kowa ya kawo wasa huɗu. Sai ya ɗora wa attajiri guda nauyin kowane marubuci. Sunan attajirin koregos, kuma 'yan amshi ne kayansa: 12 da farko, daga baya 15, na barkwanci kuwa 24. Shi zai ciyar da su lokacin atisaye, ya biya mai koyar da su, ya ɗinka musu sutura, kamar dai hakimin da ke shirya dawakinsa don hawan sallah. Manyan 'yan wasa kuwa baitulmali ke biyansu.

Ba ƙaramin kuɗi ba ne. A wani jawabin kotu da Lisiyas, mai rubuta wa mutane jawaban kotu a Atina, ya rubuta, wani ya ce dirakma (kuɗin Atina) 3,000 ya kashe wa 'yan amshi, alhali ladan ma'aikaci a yini kusan dirakma guda ne. Amma akwai suna a ciki. Ferikilis, wanda daga baya ya zama jagoran Atina, yana saurayi ya ɗauki nauyin wasan marubuci Eskilus a shekara ta 472 kafin haihuwar Annabi Isa.

Baban Kongo: Ƙari kaɗan, Malam. Ɗaukar nauyin nan ba ganin dama ba ne, dole ce. Wanda aka ɗora wa yana iya nuna wani ya ce ya fi shi arziki: ko dai wanda aka nuna ya karɓi nauyin, ko su yi musayar dukiya, in ya ƙi a je kotu. Matsalar tsarin ita ce marubucin da ya faɗa hannun marowaci, 'yan amshinsa a tsiyace za su fito.

Malama Sabon Gari: Batun alƙalai kuma, cin hanci suka yi wa shinge. Majalisa ke tsamo sunaye daga ƙabilu goma na birnin, a zuba a tuluna goma, a buga hatimi, a ajiye a Akrofolis, tudun haikalin birnin. Sai ranar gasa arkon zai zaro suna ɗaya daga kowane tulu, goman su yi rantsuwa. Duk da haka ihun 'yan kallo na karkata su. A shekara ta 468 kafin haihuwar Annabi Isa da jama'a suka rabu biyu, arkon ya bar tulunan ya sa Janar Kimon da sauran janarori suka yi alƙalanci, marubuci Sofokilis ya kada Eskilus. Sannan hukuma kan hukunta marubuci: an ci wani marubuci, Firinikus, tarar dirakma 1,000 don ya sa 'yan kallo kuka da wasan faɗuwar birnin Miletus.