Farfelar famfo da aka buga da injin 3D: yaya zan gwada ta kafin in sa wa manoma?

Mai Gyaran Famfo, Tahoua

Salamu alaikum jama'a. Gyaran ƙananan famfunan sola ne sana'ata, kuma akasarin masu kawo mini aiki 'yan lambu ne, wasu tun daga wajen Galmi. Abin da ya fi ba mu ciwon kai shi ne farfelar roba da ke tura ruwa. Rairayi ke cinye ta, in ta mutu kuma ba a samunta ita kaɗai, sai dai mutum ya sayi famfo sukutum.

Wani yaro a Yamai mai injin 3D, wato injin da ke ƙera kaya da narkakkiyar roba, ya auna tsohuwar, ya buga mini sabbi, ya aiko a mota. A ido ba ta da makusa, ta zauna daram a kan sandar moton, ruwa ya fito. Yanzu yana son in yi odar ashirin. To ni tsorona, albasa ba ta jiran mai gyara. In ta watse a tsakiyar noman rani, sunana ne zai ɓaci, shi yana can Yamai. Masu ilimin abin, da me ake gane mai ƙarko?

Injiniya, Yamai

Wa alaikumus salam Malam. Fara tambayarsa da wace roba ya buga. In ya ce PLA, dakata. Ita ta fi sauƙin bugawa, amma tana fara laushi tun wajen digiri 60. PETG na kai wa wajen 80, ABS da ASA sun haura 100 ko kusa da haka. Kar ka ce ai cikin ruwa take. Famfon da aka kashe aka bari a rana a watan Afrilu, inuwa ma tana digiri 44, jikinsa ya fi haka nesa. Dafa ruwa zuwa digiri 70, jefa guda a ciki minti goma, ciro ka murɗa fukafukin da yatsa.

Na biyu shi ne wanda mutane ba su sani ba. Injin yana shimfiɗa roba ne layi bisa layi, don haka ƙarfinta ba ɗaya ba ne ta kowace fuska. Kamar faskare ne, itace ta bin tsawonsa yake tsagewa. Ka ce ya buga maka sirara-siraran sanduna masu kauri ɗaya, wasu a kwance, wasu a tsaye. A ɗakin gwaji akwai injin da ke jan irinsu har su tsinke, bisa ƙa'idar ISO 527 ko ASTM D638. Kai kuwa ka matse bakin sandar ɗaya a bais, ka rataya jarka a ɗaya bakin, ka riƙa zuba ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Rubuta inda kowace ta karye. Za ka ga ta tsaye ta riga sallamawa, sau da yawa da tazara mai yawa. Ba gwajin da za a ba ka takarda a kansa ba ne, amma zai nuna maka bambancin roba da roba.

Tsohon Makanike

Ɗana, ku yaran yanzu kuna son wahala. Kai tsohuwar farfelar can kasuwar Katako a Yamai, wajen masu zuba tukwanen alminiyam, su zuba maka ita, ka huta da zancen zafi.

Ɗalibar Kimiyya, Yamai

Baba, a gafarce ni, zubi na hannu ba ya fita da nauyi daidai ta kowane gefe. Abin da ke juyawa sau dubbai a minti, in gefe ɗaya ya rinjaya, boris ɗin zai tafi, ga nauyi a kan ƙaramin moto.

Yaya mai tambaya, ƙila yaron ya nuna maka hoto mai launin ja da shuɗi daga kwamfuta ya ce lissafi ya nuna za ta jure. FreeCAD, wani shirin kwamfuta, na yin wannan lissafin kyauta, kuma yana da amfani wajen nuna inda nauyi ke taruwa, galibi gindin fukafuki da ramin sanda. Sai dai in ba a gaya masa ba, ɗauka yake robar dunƙulalliya ce mai ƙarfi ɗaya ko'ina. Alkaluman da ya kamata a ba shi su ne na sandunan da za ku karya, kuma na mai raunin. Ba ya kuma sanin rairayin rijiyarku.

Wani abu: roba na miƙewa a hankali in ta daɗe ƙarƙashin nauyi, musamman da zafi. Ramin da ke riƙe sandar shi zai fara zama sako-sako, moto na juyawa farfela na tsaye. Gwajin minti goma ba ya kama wannan.

Injiniya, Yamai

Gaskiyarki ƙanwata. Malam, ga abin da ni zan yi. Sa farfela ta asali, ka duba minti nawa take cika duro mai lita 200, ka sa bugaggiyar ka kwatanta. Sai ka bar ta tana zagaya ruwan duron da ka zuba wa rairayi kaɗan, wuni-wuni har mako biyu, kana ciro ta kana duba ramin da bakin fukafukai.

In ta tsallake, kar ka ɗauka duk ashirin ɗin haka suke. Masu buga kayan jirgin sama da ƙarfe, kowane bugu sai sun haɗa da 'yan sandunan shaida da za a karya, har hoton cikin kayan suke ɗauka da na'urar CT, irin ta asibiti, don neman ƙananan ramuka. Kai ma ka nemi sanda ɗaya da kowane bugu. Sannan ka aza kowace farfela a ƙaramin sikeli irin na maƙeran azurfa. Wadda ta fi 'yan uwanta sauƙi, roba ba ta cika a cikinta ba. Zaren robar da injin ke narkarwa, in ya sha laimar damina ma, yana fitowa da kumfa.

Mai Gyaran Famfo, Tahoua

Allah ya saka da alheri. Na kira shi, PLA ce. Ya ce yana da PETG, ASA kuwa sai ya aika a sayo, kuma injinsa ba rufaffe ba ne, yana tsoron ta bankare. Na ce ya fara da PETG guda uku da sandunan, odar ashirin ta jira. Injiniya, sandunan nan kaurin milimita nawa zan ce ya yi, don kada jarka mai lita 25 ta cika ba su karye ba?