Kifin salmon ɗin da ake sayarwa a Jidda, daga ina yake?

Ɗan Jidda:
Salam 'yan uwa, don Allah kifin salmon ɗin nan mai tsada na manyan kantuna, wai da gaske ƙyanƙyashe shi ake yi a saka a kogi?

Baban Yara:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wanda kake gani galibi daga Norway yake, a keji ake kiwonsa cikin teku har ya girma. Wanda ake saki a kogi daban ne, a Alaska da Japan suke yi sosai, su tatsi ƙwai su haɗa da maniyyin namiji a ruwa mai sanyi, in 'ya'yan kifin sun ɗan tasa a sake su, su tafi teku su yi shekaru sannan su dawo kogin da aka sake su, ikon Allah, a nan masunta ke kamawa. A kogin Columbia na Amurka kuwa madatsun ruwa ne suka tare musu hanya shi ya sa ake ta ƙyanƙyasa.

Hajiya daga Makka:
Ni abin da ke damuna Baba, in na ƙyanƙyasa suka cakuɗa da na daji suna raunana irin. Shi ya sa ake yanke wa na ƙyanƙyasar ɗan ƙaramin fiffiken baya don a gane su.

Ɗan Jidda:
Na gode. To mu nan zafi ba zai bari ba kenan?

Baban Yara:
Sai dai karfasa, ita ke jure ruwanmu.