Neman shawara: an ce in yi wa gidan rainona rajista ko in rufe shi

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe a wannan zauren ina karanta abin da ake tattaunawa ban taɓa sa baki ba, amma yau abin ya kai ni bango, don haka ku yi haƙuri da tsawon bayanina.

Shekara 11 ke nan da aure ya kawo ni Agege daga Funtuwa. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗauko shanu daga Arewa zuwa mayankar Oko-Oba, har Allah ya yi masa rasuwa a 2021 bayan jinyar wata huɗu da ta cinye ɗan abin da muka tara. Da na fita takaba danginsa suka so in koma gida su raba yaran a tsakaninsu, ni kuma na ce ba zan iya ba, domin Ummi tana makaranta a lokacin kuma ba na son a katse mata karatu. Wannan maganar har yau ba ta mutu ba tsakanina da yayarsa, wadda take gani kamar na fi son zaman Legas ne a kan zumunci, alhali ita ba ta taɓa aiko wa marayun nan ko sabulu ba. Na fara tuyar awara a ƙofar gida, hayaƙi ya hana ni sakat saboda ciwon ƙirji, na bari. Ana nan sai wata maƙwabciyata mai sayar da abinci a kasuwa ta roƙe ni in riƙa duba mata ɗanta daga safe zuwa la'asar. Daga ɗaya suka zama uku, yau ga shi ina da yara 14. Wasu iyayen suna ba ni naira 500 a rana, wasu 300, wasu kuwa sai ƙarshen mako su kawo mudun shinkafa, kuma akwai waɗanda ba na karɓar komai a hannunsu.

Ranar Litinin da ta wuce mutum biyu, mace da namiji, suka zo suka ce daga wani ofishin gwamnati suke. Sun ƙirga yaran, sun leƙa banɗaki, suka ce sun ba ni mako biyu in yi rajista ko su rufe wurin. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Abin da nake son sani shi ne, ina jin ana faɗa a rediyo cewa gwamnati tana ware kuɗi a kasafinta domin kula da yara, to ta wace hanya irina za ta samu? Kuma idan na yi rajistar, taimako za a yi mini ko haraji za a ɗora mini?

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam Maman Ummi, Allah ya jiƙan maigida ya raya abin da ya bari. Na yi shekaru ina riƙe da takardun ƙungiyar unguwarmu, saboda haka ki saurare ni da kyau. Da farko dai ki cire rai daga samun kuɗi a hannu. Gwamnati tana da doka a kanki, amma ba ta da asusun da ke biyan mace don ta yi rainon yaran maƙwabta a ɗakinta. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya an yi ta a 2003, jihar Legas ta yi tata a 2007, kuma a cikin ta tarayyar akwai sashe guda a kan masu rainon ƙananan yara domin a biya su, wanda ya ce a yi musu rajista. Ma'aikatar matasa da walwalar jama'a da ke Alausa a Ikeja ita ce mai kula da gidajen raino da gidajen marayu a jihar nan. Saboda haka abin da mutanen nan suka faɗa miki yana da tushe, ko da kuwa su kansu ba na gaskiya ba ne.

Kuɗin da kike ji a rediyo yawancinsa ta makarantu yake bi. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai ɗaya, UBEC, kuma jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Wannan kuɗin, azuzuwan gwamnati yake ginawa, kujerun gwamnati yake saya, ba ya leƙowa gidan haya a Agege. Shawarata guda ce: ki nemi mutum uku ko huɗu masu mutunci a unguwa su zama amintattu, ku yi rajistar ƙungiya a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, sannan ki je Alausa da ƙafarki. Da takarda a hannu ne masu zakka da ƙungiyoyin agaji suke sauraron mutum.

Hajiya Mai Atamfa:
'Yar'uwa, kafin a kai ga Alausa, ni tambayata ita ce, sun nuna miki katin aiki? Sun bar miki takarda mai hatimi? Ba ki faɗa ba. Ni a shagona sau uku a shekara guda wasu suka zo da riguna iri ɗaya, kowane rukuni ya ce shi ne mai karɓar kuɗin izinin kasuwanci, na biya biyu, daga baya na gano ɗaya daga cikinsu ba shi da ofis ko na kwali. Mu Hausawa an san ba ma son doguwar magana da hukuma, shi ya sa ake yi mana haka. Kada ki ba kowa sisi sai da rasit, kuma ki sa wani namiji mai jin Yarbanci ya zauna tare da ke ranar da za su dawo.

Maman Ummi:
Hajiya, matar ta ɗaga wani kati da ke rataye a wuyanta amma ban karanta ba, saboda a lokacin ina riƙe da jariri yana kuka. Ba su nemi kuɗi ba. Alhaji Baban Sadik, na gode, sai dai ina zan samo kuɗin lauya da na rajista, ni da kuɗin hayata ma na bana ban cika ba? Kuma ni ba ƙungiya nake so in kafa ba, yara nake raino.

Ɗan Mile 12:
Baba, ki yi haƙuri, ni a ganina duk wanda ya ce miki ki kai kanki wurin hukuma bai san garin nan ba. A watan Yuni na 2022 aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida, a watan Satumba aka ƙara huɗu har da Kosofe inda muke, kuma yaran da na sani da yawa ba su sami wata sana'a da aka tanadar musu ba, wasu sun koma dako, wasu sun koma gida hannu rabbana. Ni kaina na yi N-Power, shirin gwamnati na samar wa matasa aiki, ana ba mu naira 30,000 a wata, da wa'adin ya ƙare aka sallame mu, kowa ya kama gabansa. Shirin matasa a ƙasar nan yana zuwa da ganga ya tafi a ɓoye. Ki rage yaran zuwa biyar ko shida, idan sun dawo ki ce na dangi ne, su wuce.

Baban Sadik:
Ɗan Mile 12, wannan shawarar ita ce za ta kai baiwar Allah ga abin da take gudu. Sun riga sun ƙirga 14, kuma wanda ya kai ƙararta, domin lallai wani ne ya kai, yana nan a gidan ko a layin yana kallon masu shiga da fita. Maganar acaba daban ce, a bar ta. Maman Ummi, idan kuɗi ne matsalar, akwai asusun samar da aikin yi na jihar Legas, LSETF, wanda aka kafa a 2016. Yana ba masu ƙananan sana'o'i rance, kuma ba a tambayar asalin jiharki, abin da ake so shi ne katin LASRRA mai nuna kina zaune a Legas da lambar biyan haraji. Yawancin matanmu ba su da katin nan, sannan a zo ana cewa an ware mu.

Maman Hanifa:
Alhaji, rancen da kake magana akwai kuɗin ruwa a kansa, kuma ba kowa ne zai yarda ya ciyar da marayu da abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Ban da haka, da me za ta biya? Da mudun shinkafar da ake kawo mata ranar Asabar? Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya fi damuna babu wanda ya taɓo shi. Maman Ummi, ɗaki nawa ne? Ke kaɗai ce a kan yara 14? Nawa ne ba su kai shekara biyu ba? An yi musu rigakafi? Idan ɗaya ya kamu da ƙyanda ko gudawa, cikin ƙanƙanin lokaci zai iya zagaye sauran. Kuma dukkansu suna komawa gidajensu da yamma?

Maman Ummi:
Ɗaki ne ciki da falo, sai baranda da muke shimfiɗa tabarma. Ummi tana taimaka mini idan ta dawo daga makaranta, kuma a shekara uku da na yi ina wannan aikin ko ƙwarzane yaro bai taɓa yi a hannuna ba, ku tambayi iyayensu. Jarirai huɗu ne. Duk suna tafiya da yamma in ban da guda biyu. Ɗaya uwarsa tana aikin dare a gidan abinci. Ɗayar kuma yarinya ce 'yar shekara huɗu, uwarta ta bar mini ita da ƙaramar salla ta ce za ta je gida ta duba mahaifiyarta, wata bakwai ke nan, lambarta ba ta shiga. Ban faɗa wa mutanen nan ba domin na ji tsoron kada su ɗauke ta.

Baban Sadik:
Innalillahi. Maman Ummi, ai wannan ce maganar, ita ya kamata ki fara da ita. Yaron da ke wuni ya tafi raino ne, amma yarinyar da ke kwana wata bakwai babu uwa babu uba babu takarda, a idon doka wani abu ne daban, kuma a Legas ana kama mutane a kan riƙe yara ba da izini ba. Ranar da wani ya yi miki sharri ya ce sato ta kika yi, me za ki nuna? Ko takardar haihuwarta daga hukumar ƙidaya kina da ita? Gobe da safe ki je fadar Sarkin Hausawan Agege a rubuta yadda aka yi da shaidu, daga nan a raka ki wurin jami'an walwala ki sanar da bakinki. Dokar ta tanadi riƙo, kotun iyali tana iya damƙa yaro a hannun wanda ta ga ya dace, kuma wanda ya kai kansa ya fi wanda aka kamo samun sauraro.

Hajiya Mai Atamfa:
Alhaji, kana magana kamar kai ne alƙalin. Wa ya ba ka tabbacin za a bar mata yarinyar? Bazawara mai ɗaki ciki da falo da 'ya'yanta, ga yara 14, kana ganin jami'i zai rubuta cewa ta dace? Idan aka kai yarinyar nan gidan marayu ta tashi ba ta jin Hausa, ba ta san alƙibla ba, uwar ta dawo wa za ta tambaya? Ni dai a fara neman uwar. Wane gari ta ce za ta? Babu garin da ba mu da direba ko ɗan kasuwa mai zuwa can duk mako.

Malamin Firamare:
Ina goyon bayan a nemi uwar, amma a sa wa neman wa'adi. Abin da zan ƙara shi ne, waɗanda suka kai shekara biyar ko shida a cikin yaran ba wurinki ya kamata su wuni ba. Firamaren gwamnati ba a biyan kuɗin makaranta, da yawa kuma suna da ajin share fage. Idan aka sa su, kin rage yawa ba tare da ƙarya ba. Da can ma akwai abincin rana na shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku da aka fara a 2016 a kan naira 70 kowane yaro, wanda aka dakatar a farkon 2024 tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Mu da ke cikin aji mun san yadda kwano ɗaya yake riƙe yaro a makaranta. A ajina yara sun fi ƙarfin kujeru, allon ma ni na saya masa fenti da kuɗina, amma duk da haka ya fi zaman baranda.

Maman Ummi:
Malam, makaranta tana tashi da rana, iyayen nan kuwa sai magariba suke baro kasuwa, wa zai ɗauko su ya tsallaka da su titi? Ai dalilin da ya sa ake kawo mini su ke nan. Kuma zaman barandar nan da ake rainawa, a nan suka iya Fatiha da ƙirga. Alhaji, ni ba zan iya ɗaukar yarinyar nan da hannuna in kai ta inda ban san abin da za a yanke ba, amana aka ba ni, kuma Mama take kirana. Uwar ta ce mini wani ƙauye ne a wajen Gumi, sunan ya ɓace mini. Na zo ne in tambayi hanyar samun tallafi, yanzu kuma an mai da ni kamar mai laifi.

Baban Sadik:
Babu wanda ya ce ke mai laifi ce, amma kwana tara suka rage miki. Na faɗi abin da na sani, kuma idan kin shirya zan raka ki fada da kaina.

Maman Hanifa:
Har yanzu ba ki amsa mini maganar rigakafin ba, musamman jariran nan huɗu. Ita yarinyar kuma, akwai katin asibitinta a cikin kayan da uwar ta bari?

Hajiya Mai Atamfa:
Akwai ɗan Gumi a zauren nan? Ƙanin maigidana yana lodi zuwa Zamfara ranar Alhamis, amma ba zai shiga gari yana tambayar mace ba tare da sunan ƙauye ko na mahaifinta ba. Maman Ummi, ki tambayi matan da suke zama kusa da ita a kasuwa, ko akwai wadda ta san inda ta fito.