Ɗaukar hoton fure kusa-kusa da tsohuwar kyamarar fim

Kan batun kyamarar da ta dace da wannan aiki, yawancin masu ba da shawara sun ce a nemi SLR, wato kyamarar da ake leƙawa ta cikin gilashin da ke ɗaukar hoton, irin su Pentax K1000, domin abin da ido ya gani shi fim zai ɗauka. Kyamara mai ido biyu kuwa, wadda ake leƙawa ta ido ɗaya, ɗayan kuma ya ɗauki hoto, da an matso sai ta yanke kan furen.

Masu shawarar sun fi daɗewa kan batun haske. Zoben da ake sakawa tsakanin gilashi da kyamara don a iya matsowa kusa yana cin haske, in an kai 1:1, wato girman furen a kan fim daidai da girmansa na ainihi, sai an ninka hasken sau huɗu. A tsuke ƙofar da haske ke shiga ta cikinta zuwa lamba f/11 ko f/16, in ba haka ba tsakiyar furen kaɗai za ta fito sarai, gefe ya dushe. Ni dai ina bayan masu cewa a fita da sassafe kafin iska ta tashi, a kafa kyamara kan ƙafa uku.