Kufan fadojin kan tsauni a Japan: abin da muka tarar da muka hau

Ɗalibi a Osaka: Assalamu alaikum. Ina so in yi amfani da hutun da ke tafe in ziyarci ɗaya daga cikin tsofaffin fadojin yaƙi da sarakunan Japan suka gina a kan tsaunuka. Hotunan fadar Takeda ne suka ja hankalina, inda ake ganin ganuwar dutse a saman gajimare. Ina roƙon yayyenmu da suka taɓa hawa su faɗa mini abin da suka tarar, da lokacin da ya fi dacewa, da kuma irin wahalar da ke cikin hawan.

Injiniya a Kobe: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, wannan hoton ba daga cikin Takeda ake ɗaukarsa ba, daga Ritsuunkyo ne, wani tsauni da ke fuskantarta a ƙetaren kogin Maruyama. Hazon yana tasowa ne daga kogin tsakanin ƙarshen Satumba da ƙarshen Nuwamba, idan rana ta yi zafi sannan dare ya yi sanyi babu iska, kuma da hantsi ya ɗaga sai ya watse. Ni a wurin ajiye motoci na yi sallar asuba, sannan na hau da tocila. Ita kanta fadar tana kan tsauni mai tsayin mita 353 a garin Asago na lardin Hyogo, kuma babu ko ɗaki ɗaya da ya rage a cikinta sai bangayen dutse da aka jera ba tare da siminti ko laka ba. An yashe ta tun 1600, lokacin da aka tilasta wa mai ita na ƙarshe, Akamatsu Hirohide, ya kashe kansa bayan yaƙin Sekigahara. Daga tashar jirgin ƙasa ta Takeda kusan minti 40 ne a ƙafa, kuma suna rufe wurin daga farkon Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu saboda ƙanƙara.

Malama a Okayama: Idan gini kake son gani, ɗana, to Bitchu Matsuyama da ke garin Takahashi ce ta dace da kai. Cikin fadoji 12 da hasumiyarsu ta asali ta tsira a duk ƙasar, ita kaɗai ce a kan tsauni, a tsayin mita 430, kuma hasumiyar ta katako mai hawa biyu tun 1683 take. Dalilin ƙarancinsu sananne ne: a 1615 gwamnatin Tokugawa ta hana kowane basarake riƙe fada fiye da ɗaya a ƙasarsa, sannan a 1873 gwamnatin Meiji ta ba da umarnin rushe mafi yawan waɗanda suka saura. Na hau da yarana daga mashigin Fuigo, tafiyar da ba ta wuce minti 20 ba, kuma su abin da ya fi burge su shi ne Sanjuro, magen da aka naɗa sarkin fadar a 2018.

Mai nazarin ƙasa a Shiga: Da girmamawa ga Malama da Injiniya, ina ganin wuraren da suka ambata suna iya sa mutum ya ɗauka cewa bangon dutse shi ne fadar kan tsauni, alhali mafi yawansu da ƙasa da katako aka yi su, kuma bangon dutse bai yawaita ba sai a ƙarshen ƙarni na 16. Katakon ya daɗe da ruɓewa, abin da ya rage shi ne tsaunin da aka sassaƙa. Odani da ke nan lardin Shiga, fadar Azai Nagamasa da Oda Nobunaga ya ci da yaƙi a 1573, ita ce ta koya mini kallon irin waɗannan wurare. Mutum yana tafiya cikin daji sai ya iske fili shimfiɗaɗɗe a inda bai kamata a sami fili ba, a samansa kuma wani filin, sannan ya tarar an datse ƙashin bayan tsaunin da wani babban rami domin kada maƙiyi ya bi doron ya iso ga sarki. Wanda ya taɓa bin ragowar ganuwar Kano ko ta Zariya, ya ga yadda ruwan sama ke mayar da bango tudu, zai fi saurin gane abin da yake gani. Shawarata ita ce ka ɗauki taswirar da ake bayarwa a gidan tarihi na gindin tsaunin, domin in babu ita rabin abin zai wuce ka. A Yamanaka da ke Shizuoka kuwa an share daji, saboda haka ramukan da gidan Hojo suka haƙa suna bayyane, an rarraba su ɗaki-ɗaki da shingen ƙasa yadda duk wanda ya faɗa ba zai iya gudu ta gefe ba. Duk da wannan dabara, rundunar Toyotomi Hideyoshi ta cinye ta cikin rabin yini a 1590. A Odani akwai allunan gargaɗi game da beyar, wata babbar dabbar daji mai haɗari, kuma da gaske ake, shi ya sa mutanen wurin ke rataya ƙararrawa a jakunkunansu.

Ɗalibi a Osaka: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tunda hutuna a Disamba yake, kuma ba ni da mota, wacce zan iya kaiwa in dawo a yini ɗaya?

Ma'aikacin jinya a Nara: Fadar Takatori da ke nan lardin Nara tana kusa da kai, ɗan'uwa. Ka shiga jirgin ƙasa na kamfanin Kintetsu daga tashar Abenobashi da ke Osaka ka sauka a tashar Tsubosakayama, daga nan kimanin awa biyu ne a ƙafa, domin daga gindin tsaunin zuwa ƙololuwarsa hawan mita 390 ne, kuma ana lissafa ta tare da Iwamura da Bitchu Matsuyama a matsayin manyan fadojin kan tsauni uku na ƙasar. Disamba lokaci ne mai kyau, tunda ganye ya zube kuma bangayen sun fito fili, manyan zirnakon da ke addabar mutane a Satumba da Oktoba sun lafa, matsattsaku ma haka. Babu kanti a sama, saboda haka ka sayi ruwa da guzuri tun a gari, ka kuma karanta takardar da ke jikin dunƙulen shinkafa, domin wasu akwai naman alade a cikin haɗinsu. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka fara saukowa kafin ƙarfe uku, saboda a wannan watan rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar, kuma babu fitilu a hanyar.