Neman shawara: in ci gaba da wasan haɗaka ko in koma wasan mutum ɗaya?

Mai tambaya, Gwale:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bara na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu a Beirut Road, bayan na daɗe ina tara kuɗi daga aikin da nake yi a shagon kawuna a Kantin Kwari. Da farko babur na yi niyyar saye, yayana ya hana ni saboda cunkoson titi, mahaifiyarmu ta goyi bayansa, daga baya aka ce in sayi abin da zai taimake ni wajen lissafin shago, shi ne na zaɓi wadda za ta iya ɗaukar wasa ma. Abokaina da muka yi jami'a tare sun watse, wasu suna Abuja, ɗaya yana Kaduna, ɗaya yana karatu a Ingila, kuma abin da ke haɗa mu da dare shi ne Counter-Strike 2, wasan harbe-harbe da ake yi tawaga-tawaga ta intanet. Sai dai kullum ni ne matsalar tawagar: harsashina yana isa a makare, kuma idan aka ɗauke wuta ina ɓacewa a tsakiyar wasa. Shekaranjiya na ga sun shiga su biyar, an sa wani a gurbina, ba wanda ya gaya mini. Ina da ɗan abin da na ajiye. Shin in kashe shi a kan gyara intanet da wuta, ko in haƙura in sayi wasannin da mutum ke yi shi kaɗai? Abin yana hana ni barci.

Injiniya, Sharaɗa:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Ba ka faɗi ƙarfin kwamfutar ba, ba ka faɗi nawa ne a hannunka ba, amma amsar ba ta canzawa: ka bar wasan. Kamfanin Valve, mai wasan, ba shi da saba (babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa) a Najeriya, nasa mafi kusa suna Turai da Johannesburg. Duk lokacin da ka danna harbi, saƙon zai bar Kano ya gangara Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka, ya haye Turai, sannan amsa ta dawo ta wannan hanyar. Abokinka na Ingila yana wasa da jinkirin milisakan 20 zuwa 30, kai kuwa da wuya naka ya sauko ƙasa da 100, kuma babu na'urar da za ka saya a Farm Centre da za ta rage nisan Kano da Landan. Ka sayi The Witcher 3 na 2015 a shafin sayar da wasanni na GOG, inda ake sauke wasa a ajiye shi ba tare da buƙatar intanet ba, ko ka kunna Steam, manhajar wasanni ta Valve, a yanayin da ba ya neman sadarwa. Labarin zai ɗauke ka sa'o'i fiye da 50, kuma idan aka kira salla sai ka tsayar da shi ka tashi.

Maman yara, Hotoro:
Injiniya, da girmamawa, wannan wasan da ka ambata yana da wuraren tsiraici, kuma bai kamata a ba mutumin da ke zaune a gidan iyayensa shawararsa ba tare da gargaɗi ba. Ni kaina wasan haɗaka ne ya dame ni. Ƙanin mijina yana zaune da mu, ya kamu da wasan ƙwallo na intanet inda ake sayen kati domin samun 'yan wasa, har kuɗin da aka ba shi na rajistar jarrabawa ya zuba a ciki. Ranar da abin ya fito, mahaifinsu ya kasa cin abinci. Har yau idan na ji ƙarar maɓallansa da tsakar dare raina yana ɓaci, kuma ba wanda ke saurarona a gidan.

Mai tambaya, Gwale:
Hajiya, Allah ya kyauta. Ni ban taɓa sayen komai a cikin wasa ba, kuma Counter-Strike 2 kyauta ake sauke shi tun fitowarsa a 2023. Injiniya, na gode, amma ba labari nake nema ba, muryar abokaina nake nema. Kuma na Abuja ma jinkirinsu ya haura 100, amma su ba a cire su ba.

Injiniya, Sharaɗa:
Su ba sa ɓacewa a tsakiyar wasa, wannan ne bambancin. Wasa ne na mutum biyar da biyar, sai an ci zagaye 13, yakan wuce rabin sa'a, kuma idan ɗaya ya fita sauran huɗun ne ke shan wahala. Wanda ya bar wasan gasa ana dakatar da shi minti 30 a karon farko, sannan sa'a 2, sannan kwana ɗaya, har mako guda. Abokanka ba su ƙi ka ba, matsayinsu suke karewa. Na shekara da shekaru ina haɗa wa mutane kwamfutoci, na san ƙarshen wannan hanyar: za ka sayi inbata, gobe ka ce sai sola, jibi ka ce layin sadarwa ne, kuɗin su ƙare jinkirin yana nan.

Ɗan Kabuga:
Ban yarda da Injiniya ba. Matsalar ɗan'uwanmu wuta ce, kuma wuta tana da magani. Ka canza batirin kwamfutar, ka sa wa na'urar intanet ƙaramin batiri nata, ka haɗa su da waya maimakon wayfai. Wasan kansa ba ya cin data sosai, sabuntawa ce ke cinye ta, sai ka bar ta zuwa tsakar dare. Kuma wa ya ce wasan mutum ɗaya yana da arha? Red Dead Redemption 2 yana neman wurin giga 150, kuma da dala ake sayen sa. Abin da ya kore ni daga wasa da baƙi shi ne zagi: da zarar sun ji lafazina sai a fara tambayar daga wace ƙasa nake, abin da ke biyo baya ba ya maimaituwa a nan. Amma kai da abokanka kake yi, ka fi ni sa'a.

Malami, Tarauni:
Akwai hanya ta uku. Ku koma wasan da jinkiri ba ya lalata shi, kamar Civilization VI, inda kowa ke jiran layinsa, ana iya ajiye wasa a ci gaba gobe. Sai dai ina tambaya, ka yi wa abokan naka magana kuwa? Wanda ke Kaduna mota ce kawai tsakaninku, waya ma ta isa.

Mai tambaya, Gwale:
Malam, ban yi musu magana ba, domin ba na son ya zama kamar roƙo nake yi. Kuma ba za su bar wasan da suka ƙware a kai saboda ni ba. Batirin kuwa mai shagon ya tabbatar mini sabo ne lokacin da na saya, don haka ba na jin shi ne matsalar.

Injiniya, Sharaɗa:
Ko batirin sabo ne, kwamfutar wasa tana rage ƙarfinta da zarar an cire ta daga wuta. Na riga na faɗi nawa. Idan tsiraici ne damuwar Hajiya, akwai Age of Empires II, yana da yaƙe-yaƙen Salahuddin da mutum zai yi shi kaɗai.

Ɗan Kabuga:
Shi ma wannan ai ana yin sa da abokai ta intanet, Injiniya. Ɗan'uwa, har yanzu ba ka gaya mana nawa ne kuɗin ba.

Mai tambaya, Gwale:
Kuɗin ba su kai na sola ba. Yanzu na ga sun sake shiga, akwai gurbi ɗaya, kuma akwai wuta a unguwarmu. Zan jira in ga ko za su kira ni.